Kiɗan da Ultan Bai Taɓa Ji Ba

Ultan Geraghty bai iya kaɗa komai ba. Ba goge, ba sarewa, ko cokula biyun nan da tsofaffi ke bugawa a gwiwa, in ka danƙa masa sai ya ɓata wa mutane zama. In ya buɗe baki zai bi waƙa a coci, matarsa Nuala ce ke taka masa ƙafa. Amma kunne kam, nan aka yi masa rabo. Duk garin Kilbrannan na ƙasar Ireland da ƙauyukan bakin teku, wanda ya gaji da abin da rediyon Dublin ke ɗura wa jama'a safe da yamma, shagon Ultan yake nufa.

A allon ƙofa an rubuta gyaran rediyo da rakoda, to amma wa ya damu da allo? Bangon baya ake zuwa dominsa, kaset ne tun daga ƙasa har rufi, kuma babu ko ɗaya na mutanen da ake nunawa a talabijin. Akwai na wasu samarin Donegal da suka haɗa goge da jitar lantarki, suka yi faifai ɗaya suka watse da faɗa. Akwai na wata mata daga tsibiran Scotland mai rera waƙar masaƙa a kan ganga mai girgiza taga. Akwai masu algaitar jaka na Galicia, da 'yan Wales da ke ihu da yarensu kamar an taka musu yatsa. Ka shigo ka ce, "Ultan, me zan ji?" sai ya dube ka sama da ƙasa, ya tambaye ka abin da ya taɓa sa ka kuka, sannan ya miƙa hannu baya ko waiwaye babu, ya zaro guda. "Kai wannan ne naka. Kada ka ji shi a mota." Kuma da wuya ya kuskure.

Sai dai fa mutum ne mai kishi, irin kishin da ke hana mai shi jin daɗin abinci. Yana so ka ji abu mai kyau, amma daga hannunsa. Da ka ce wani ne ya fara nuna maka, shi ke nan, abin ya zama shirme.

Kowace Lahadi, in an taso daga coci an ci dankali da kabeji, makaɗa kan hallara a ɗakin baya na mashayar Hession. Dokar zaman ɗaya ce tun kaka da kakanni: kafin ka ɗora goge a kafaɗa, sai ka faɗi hannun da ka karɓi kiɗan. Kiɗan da kuma ba a san sunansa ba, sunan wanda ya miƙa shi yake ɗauka, ko da mutumin bai taɓa riƙe kayan kiɗa ba. Bridie Considine kifi take sayarwa. Wani mai goge ya ji tana rera wani kiɗa a hanci tana gyaran kifinta, ya ɗauka. Yau ta daɗe da zama ƙasa, amma babu Lahadin da ba a cewa, "A yi mana na Bridie."

Abin da Ultan ke so a duniya ke nan. Shi da Nuala ba su haihu ba, kuma ya san ranar da ya mutu ranar shagon zai mutu. Amma in aka sami kiɗa guda tak da ake ce wa "na Ultan," to buƙatarsa ta biya.

Kuma yana da kiɗan. Yana cikin wani gwangwanin shayi a kan kantar da ta fi kowace nisa, a wani kaset ruwan toka marar rubutu. Tun yana saurayi wasu masunta 'yan Brittany suka fake a gaɓarmu saboda hadari, ya gyara musu rediyon jirgi, ɗayansu ya ba shi kaset ɗin tukuici. A ɗaya gefen kaset ɗin akwai wani kiɗa da ke farawa a hankali, a tsakiya ya yi wata 'yar lanƙwasa ya faɗa inda kunne bai zata ba, sannan ya miƙe da gudu. Ultan ya yi shekaru yana bin faifai da kaset na ƙasashen nan duka, bai taɓa cin karo da shi a wani wuri ba. Kiɗa ne marar suna, marar uba, yana jiran mai miƙa shi.

Mutum ɗaya kaɗai ya taɓa kunna wa, Malachy Tuohy, abokinsa tun firamare, ranar da Malachy zai tafi neman aiki Glasgow. Da kiɗan ya ƙare, sai kishin ya motsa. Ya sa Malachy ya rantse da kabarin uwarsa cewa ba zai taɓa gaya wa kowa inda ya ji shi ba. Malachy ya yi dariya ya rantse, ya ɗauki jakarsa.

Wadda Ultan ke yi wa ajiyar kuwa ita ce Dervla Hehir. Tun tana 'yar sakandare ta kawo rediyon babanta gyara, ta tsaya baki buɗe gaban bangon nan. Shi ya reni kunnenta, kaset bayan kaset, har ta zama mai gogen da in ta fara, masu shan giya ke ajiye kofi. Yanzu malamar firamare ce, tana da 'yar ƙungiya da wasu samari biyu, mai jitar lantarki da mai bandiri, kuma wani ɗan ƙaramin kamfani a Galway ya ce zai naɗi kaset ɗinsu na farko bayan bikin Ista. Ultan ya gama tsara komai a ransa. Ana saura mako ta tafi zai sauko da gwangwanin, ya ce, "Ungo, yarinya." Sau ɗaya ta taɓa tambayarsa abin da ke ciki, ya ce tsofaffin kusoshi ne. Yana jiran ta nuna.

Ana cikin haka sai ga Malachy ya dawo, bayan shekara ashirin da wani abu, da tumbi, da sanƙo, da akwatunan faifai. Bai tashi buɗe shagon aski ko'ina ba sai tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa. Shi kuwa bai san ajiya ba. Ka zauna aski, kafin ka tashi ya cusa maka kaset uku a aljihu. "Ji wannan, in bai yi maka ba ka ba maƙwabcinka." Ba ya tambayar abin da ya sa ka kuka. Ba ya hana ka ji a mota. Abin takaicin kuma, kunnen banzan yana da kyau.

Ran nan Nuala ta kawo wa Ultan shayi da burodin gida, ta iske shi a tsaye jikin taga da sukundireba a hannu.

"Tsoho, gilashin nan zai huje," ta ce.

"Ruwa nake dubawa ko zai sauko."

"A shagon aski ruwan yake? Rediyon matar Clancy tun Talata cikinsa a buɗe."

A daidai lokacin sai ga Dervla ta fito daga shagon Malachy tana dariya, da faifai rungume a ƙirji. Me mace ke yi a shagon askin maza? Ta ɗaga hannu ta ce, "Sai gobe, Mal." Ta gilashi Ultan ya karanci bakinta. Mal. Shi kuwa shekara da shekaru Mista Geraghty take ce masa. Da can girma yake ji in ta faɗa. Yau sai ya ji kamar an ajiye masa kujera a bakin ƙofa.

"Ka sauko da gwangwanin nan ka ba ta," Nuala ta ce. Ban da Malachy, ita kaɗai ta san ba kusoshi ba ne.

"Lokaci bai yi ba."

"Kai dai ka sani. Shayinka na hucewa."

Dervla ta tsallako ta shigo, kumatunta ja saboda sanyi. Ta ɗora faifan a kan kanta. Wasu 'yan Cape Breton ne, goge da fiyano da wata murya mai kaushi. "Mista Geraghty, ka san waɗannan? Mal ya ce in ban ji su ba ban ji komai ba."

Ya san su mana. Yana da kaset ɗinsu, yana kuma son su kamar ransa, har ya yi niyyar ba ta a watan gobe. Ya ɗauki faifan da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Hayaniya ce kawai. Kiɗan 'yan biki. In irin wannan za ki riƙa ji, ki sayar da gogen ki sayi gwangwani."

Dariyarta ta ɗauke. Ta ce, "Ni dai ya yi mini daɗi," ta ɗauki abinta ta fita. Ultan ya ji daɗin maganarsa na ɗan lokaci, sannan ya wuni yana nadama.

Ana saura kwanaki a yi Ista, wata Alhamis bayan an tashi makaranta, ta sake shigowa, wannan karon da akwatin goge. Babu kowa a shago sai shi.

"Ina so ka ji wani abu," ta ce. "In akwai wanda zai san shi a ƙasar nan, kai ne."

Wannan ta yi masa daɗi. Ya ajiye aiki, ya harɗe hannu, ya lumshe ido irin na alƙalai. Ta gyara tsirkiya ta fara, a hankali. Tun ba a je ko'ina ba gashin wuyansa ya miƙe. Ya ce a ransa, kai, kama ce kawai, kiɗa da yawa haka suke farawa. Sai ta iso tsakiya, ta yi 'yar lanƙwasar nan, ta faɗa inda kunne bai zata ba.

Kiɗansa ne. Kiɗan da ke sama da kanta a cikin gwangwani, ga shi yana fitowa daga gogenta, kuma ya fi yadda ya taɓa mafarkinsa kyau. Da ta gama ta sauke gogen, idonta na ƙyalli.

"A ina kika samo?" ya tambaya.

"Wurin Mal. Fito yake yi da shi yana aski, bai ma san yana yi ba. Na tsare shi na ce ya maimaita, har sai da na ɗauka. Na ce daga ina, ya ce ba zai iya faɗa ba. Na yi juyin duniya ya ƙi. Mista Geraghty, ban taɓa jin abin da ya shige ni kamar wannan ba. Da shi za mu buɗe kaset ɗin. Ka san shi? Na wane ne?"

To ga ƙofa a buɗe. Abin da ya rage kawai ya jawo tsani, ya hau, ya sauko da gwangwani. Ko yaron goye ya san haka. Amma Ultan ba tsani yake gani ba. Gani yake yarinyar nan zaune a shagon aski, tana cewa "sake, Mal, sake," mai sanƙon nan yana tsuke baki yana hura mata abin da shi ya yi rabin rayuwarsa yana gadi. Wannan ƙyallin idon nasa ne, shi ya kamata ya kunna shi, wani ya riga shi. Kishi ya taso masa, ya ji in bai rage wa kiɗan daraja ba zai shiɗe.

"Ban taɓa jin sa ba," ya ce. "Fiton mai aski ne. Ƙila shi ya ƙaga yana wasa almakashi."

"Ka tabbata?"

"Yarinya, in ni ban ji abu ba, babu shi."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta ji haushi ba wannan karon, sai ma wani haske da ya ƙaru a fuskarta. Ta mayar da goge akwati ta yi godiya ta fita. Ƙofa ba ta gama rufuwa ba ya gane abin da ya yi, amma ƙafarsa ta ƙi bin ta.

Washegari da hantsi ya tsallaka titin, karo na farko tun dawowar Malachy. Ya jira wani manomi ya tashi daga kujera ya fita, sannan ya tura ƙofa ya rufe.

"A'a, manya a gari," Malachy ya ce, yana kakkaɓe ƙyalle. "Zauna mu ga abin da ya rage a kan nan."

"Ɓarawo."

Malachy ya ajiye ƙyallen. "Dervla ta zo maka ke nan."

"Ka rantse da kabarin uwarka."

"Na rantse ba zan faɗi inda na ji shi ba, kuma ban faɗa ba. Ta yi mini magiya kamar za ta yi kuka, na yi gum. Fiton kuwa, Ultan, me kake so in yi? Sau ɗaya ka kunna mini, ya shige kaina ya ƙi fita. Da shi na kwana a ɗakunan haya na Glasgow, da shi na binne matata. Ban san ina yi ba sai da ta dafa ni. Kai ka kulle shi a gwangwani, ni ba ni da murfi."

"Nawa ne."

"Na sani naka ne. Wa ya ce ba naka ba ne? Ka sake ni daga rantsuwar, yanzun nan in je makarantarsu in gaya mata. Ko kai ka gaya mata. Ai ta tambaye ka jiya, me ka ce?"

Ultan ya dubi madubi, ya ga tsoho mai jajayen kunnuwa, ya kawar da kai.

"Kash," Malachy ya ce a hankali. "Ultan, ba ka canza ba. To sake ni. Ranar Lahadi za ta kaɗa shi a Hession, ka san doka."

Da Malachy ya yi gatsali, da abin ya zo da sauƙi. Amma tausayi ne a fuskarsa, tausayin nan kuwa shi ya ƙarasa Ultan. Wato yanzu sunansa ma sai mai aski ya ba shi sadaka? A tsaya gaban jama'a a ce Malachy mutumin kirki ne, ya mayar wa Ultan abinsa? Har a nan ma shi za a tafa wa.

"Rantsuwarka na nan daram," ya ce. "Ba na son komai daga bakinka. Ina da baki, ni zan faɗa."

"To Allah ya ba ka iko."

Ranar Lahadi Ultan ya hau tsani ya sauko da gwangwani, ya zaro kaset ɗin ya sa a aljihun kwat. Nuala na kallo, sai ta ɗauki jakarta ta bi shi, ita da rabonta da Hession tun bikin ƙanwarta. A hanya yana ta bitar maganarsa. Zai miƙe ya ce wasa yake yi mata ran Alhamis, gwada ta yake yi. Zai ɗaga kaset ɗin sama. Za a yi dariya, a ce Ultan ba ka da dama, a ce na Ultan ne.

Ɗakin baya ya cika, ana jin ƙamshin wutar murhu da jiƙaƙƙun riguna. Aka yi na Bridie, aka yi wasu. Malachy na can lungu da kofinsa, ya ƙi haɗa ido da kowa. Sai tsoho Phelim Garrihy, mai sarewa, wanda shi ke jan zaman, ya nuna Dervla da haɓa. "Ke malama, an ce kin zo da sabo. Daga hannun wa?"

Dervla ta miƙe. Ultan ya sa hannu a aljihu ya riƙe kaset ɗin, ya ɗan ɗaga daga kujera.

"Daga bakin Malachy Tuohy na karɓa," ta ce. "Ya ƙi faɗin inda ya samo, don haka na je wurin wanda ya fi kowa sani." Ta juyo ta dubi Ultan, ta yi masa irin murmushin da take yi tun tana 'yar sakandare. "Kun san Mista Geraghty. Duk abin da ke cikin kunnena shi ya zuba. Tun ina yarinya, abin da yake da shi mai kyau bai taɓa ɓoye mini ko ɗaya ba. Da ya san kiɗan nan, da tuni ya ba ni. Ya ce bai taɓa ji ba. Ni kuwa in ya ce babu, na yarda babu. Ina ga Mal ne ya ƙaga, kunya ce ta hana shi faɗa."

"Ba nawa ba ne," Malachy ya ce daga lungu.

"To na wa?" Phelim ya tambaya.

Malachy ya ɗago ya dubi Ultan. Kallo ne na roƙo, ba na gasa ba.

Phelim ya juyo. "Ultan, kai ne kunnen garin nan. Faɗi gaban jama'a mu rufe magana. Ka taɓa jin sa?"

Kowa ya juyo yana dubansa. Kusurwar kaset ɗin na sukar tafin hannunsa. Ya ji gwiwar Nuala ta zunguri tasa. Maganar da ya bita tana nan a kan harshensa, wasa nake, gwada ta nake. Amma Dervla na tsaye tana dubansa da goge a hannu, kuma ya ga abin da zai faru da fuskar nan in ya zaro hannunsa. Za ta dubi kaset ɗin, ta tuna gwangwani, ta tuna tsofaffin kusoshi. Za ta lissafa shekarun da ta yi tana tsayawa a ƙarƙashin kantar nan. A gaban garin duka ta ce bai taɓa ɓoye mata komai ba, kuma wannan maganar, ko da ƙarya ce, ita kaɗai ce abin da yake da shi wanda Malachy ba shi da shi. In ya karɓi sunan, wannan maganar zai bayar.

Ya saki kaset ɗin a aljihu. Ya koma ya zauna sosai.

"Ban taɓa ji ba," ya ce.

"To shi ke nan," Phelim ya ce. "Na Malachy. Bismillah ba tamu ba ce, amma ja mu je, malama." Aka yi dariya, wani ya bubbuga bayan Malachy.

Ta kaɗa. Da ta iso lanƙwasar, wata tsohuwa a bakin murhu ta dafe ƙirji. A zagaye na biyu sarewar Phelim ta shiga, sai bandiri, sai jita, a na uku ɗakin duka na buga ƙafa. Ultan na zaune hannu a gwiwa. Bai taɓa jin abu mai daɗi haka ba, bai kuma taɓa jin zafi haka ba, duka a lokaci guda. Da aka gama aka ce a sake. "A sake mana na Malachy." Tun ba a bar ɗakin ba sunan ya zauna a bakin mutane kamar da shi aka haife su.

A hanyar gida Nuala ba ta yi masa gori ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta dai saƙala hannunta a nasa. Sai da suka kai ƙofa ta ce, "Kawo kwat ɗin in rataye." Ta zaro kaset ɗin ta miƙa masa, ya hau tsani ya mayar.

Kaset ɗin su Dervla ya fito da bazara. Rediyon Dublin bai kula shi ba, wanda a wurin mutanen Ultan wannan yabo ne. Amma ya bi hannu zuwa hannu, har aka fara jin kiɗan a zaman Sligo da na Cork. Dervla da kanta ta kawo masa kwali guda ya ajiye a shago, ta sumbace shi a kumatu ta ce, "Na gode, Mista Geraghty," sannan ta tsallaka wurin Mal.

Wata rana da rana tsaka wata budurwa mai jakar goyo ta shigo, ta ce daga Cork take, an ce mata in ta zo Kilbrannan ta nemi mai gyaran rediyo. Ta tsaya gaban bangon baya baki buɗe.

"Me zan ji?" ta ce.

Ya dube ta sama da ƙasa. Bai tambaye ta abin da ya taɓa sa ta kuka ba. Ya miƙa hannu cikin kwalin ya ɗauko na Dervla.

"Wannan. Kiɗan farko. Babu abin da ya kai shi a shagon nan, sama ko ƙasa."

Tunda yake, ranar ce ya fara ba wani abin da ya fi kyau a hannunsa. Budurwar ta juya kaset ɗin ta karanta bayansa.

"Na Malachy," ta ce. "Ai na ji ana maganarsa. Wane ne Malachy ɗin? Yana raye?"

Ta taga ana hango shi, ƙofar shagonsa a buɗe saboda zafi, yana zagaya kan wani manomi da almakashi, bakinsa a tsuke. In ka kasa kunne har fiton kana ji.

"Ga shi can," Ultan ya ce. "Mai aski."

Ta yi godiya, ta sa kaset ɗin a jaka, ta fita da sauri. Ya tsaya jikin gilashi da sukundireba a hannu, yana kallo har ta tsallaka titin.